Mata da Aikin Kashe Gobara a Kudancin Kano

Gobarar daji a yankin Doguwa da Tudun Wada ta fi tashi da hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, mafarauta da masu sharar gona ke cinna wuta a gefen dajin Falgore. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta iso ƙauye, mutanen gari ne ke fama da wutar. Maza na bugun ta da ɗanyen ganye, mata da 'yan mata na jigilar ruwa daga rijiya, suna kwashe yara da tsofaffi. Wannan aikin ceto ne sosai, ko da yake ba a cika lissafa shi ba.

A hukumance kuwa, maza ne suka fi yawa a Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano. Giɓin yana da illa. Gobarar gida kan faro daga madafa, kuma a gidan kulle matar da ta ƙone ta fi sakin jiki da mace 'yar'uwarta wajen taimakon gaggawa. Masu cewa aikin ya fi ƙarfin mata suna manta cewa horo ne ginshiƙinsa. A Legas, mace ce, Margaret Adeseye, ta kai ga shugabancin hukumar kashe gobarar jihar.