Ƙananan Buhunan Yashi

A ƙasar Kano ta arewa, wajen Bichi da Ɗambatta da Minjibir, gonaki manne suke da juna, ba a yin tafiya mai nisa ba a ga gida ba. Da kaka, in an girbe dawa, yaran wurin sukan sami kara mai yawa su yi mota da jirgin sama, su kuma gina shanu da dawaki da yumɓu. Akwai wani aikin hannu ɗan'uwan waɗannan, watau ɗinkin ƙananan buhunan yashi don kwatanta mafakar soja.

To, me ya haɗa soja da buhun yashi? In harsashi ya shiga yashi, sai ƙwayoyin yashin su tare shi, ƙarfinsa ya mutu kafin ya fita. Saboda haka soja sukan haƙa rami, su jera buhuna a bakinsa, su fake. Buhu ba shi da nauyi in ba kome a ciki, ƙasa kuwa ko'ina akwai ta. Irin wannan mafaka ta tsare rayuka da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, wanda aka kai sojan Nijeriya har ƙasar Bama.

Mai son kwatanta mafakar, abin da zai fara lura da shi awo ne. Tilas a rage kowane abu da ma'auni ɗaya. Mafi sauƙi a ce inci 1 shi ne a maimakon ƙafa 1. Watau sojan da tsawonsa ƙafa 6 ne, a gina shi da yumɓu inci 6. Buhun soja in an zuba masa yashi, tsawonsa wajen ƙafa 2 ne, faɗinsa wajen ƙafa 1. Ashe ƙaramin zai zama inci 2 da inci 1. In aka yi sakaci buhu ya kai girman sojan, duk aikin ya ɓaci.

Kayan aikin ba su da wuyar samu: allura, da zare, da almakashi, da guntayen ƙyalle daga wurin maɗinki. Ba a yanko ƙyallen daga buhun gaske, domin saƙarsa ta yi kauri ga ɗan ƙaramin abu. Ƙyalle marar kauri ya fi. A tsoma shi cikin ruwan shayi ya yi launin ƙasa, a shanya. Yashi kuwa a ɗebo shi daga rafi, a bari ya bushe, a tankaɗe da rariya.

Sa'an nan a yanka ƙyallen, tsawo inci 3, faɗi inci 2 da rabi. A ninka shi biyu ta faɗinsa, a ɗinke gefe da gindi da ɗinki ƙanana, don kada yashi ya tsiyaye. A juya shi da tsinke, ɗinkin ya koma ciki. A naɗe takarda ta zama mazurari a zuba yashi, amma kada a cika. Kashi biyu cikin uku ya isa, domin cikakken buhu ba ya kwanciya, mirginawa yake yi. Kana a ɗaure bakin da zare.

Jerin shi ne babban aiki. Ana kwantar da buhunan a jere, a cusa bakin kowanne ƙarƙashinsa, a danna da yatsa ya baje. Buhun jeri na biyu ya hau kan mahaɗar biyu na ƙasa, yadda magini ke jera bulo. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa, bangon zai tsage ya zube. Bango mai tsawon inci 6 da tsayin inci 4 yana cin buhu wajen 24, watau jeri 8, kowane jeri buhu 3. In an gama, a shafa masa ruwan ƙaro kaɗan ya kame.

Kada a ɗauka wannan wasa ne kurum. Da damina, in ruwa ya yi ƙarfi, yakan ci gindin katangar ƙasa, ya yanka kwazazzabo cikin gona. Da buhunan yashi mutane ke tare shi, jerinsu kuwa ɗaya ne da na soja. Yaron da ya iya jera ƙanana a tsakar makaranta, ran da ruwa ya nufo gidansu ba zai tsaya yana kallo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Don me ba a cika buhun yashi har baki?
2. In tsayin bangon gaske ƙafa 5 ne, inci nawa ƙaramin zai zama?
3. Ina amfanin buhun yashi ga manomi?