ƘWAYAR GAGGAWA TA HANA ƊAUKAR CIKI: ABIN DA MAI JEGO YA KAMATA TA SANI

Sau da yawa mace kan zo ɗakin tazarar haihuwa da goyo a baya, hankalinta a tashe. Ta gama arba'in ta koma ɗakinta, sun sadu da maigida ba tare da wata kariya ba, yanzu tana tsoron kwanika. Shi ya sa muke so ki san wannan bayani tun kina zuwa awon ciki.

Shayarwa ba ta isa ba ne?

Shayarwa na hana ɗaukar ciki idan sharuɗɗa uku sun cika tare: jariri bai kai wata 6 ba, al'adarki ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba ruwa ba kunu. Idan ɗaya ya ɓaci, kina iya ɗaukar ciki daga kwana 21 bayan haihuwa, tun ma kafin ki ga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin.

Yaushe ake shan ta?

Ana shan ta idan an sadu ba kariya, ko kwaroron roba ya fashe, ko an manta shan ƙwayar kullum kwanaki a jere, ko lokacin allura ya wuce sosai, ko kuma an yi wa mace fyaɗe.

Wadda aka fi samu a kemis ita ce mai sinadarin levonorgestrel, kamar Postinor-2. Ƙwaya biyu ce a kati, ana iya haɗiye su lokaci guda. A sha cikin awa 72, wato kwana 3. Gwargwadon saurin shan ta, gwargwadon ingancinta, don haka kada a jira sai gobe. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Akwai kuma robar mahaifa mai jan ƙarfe, wadda ake sa wa a asibiti cikin kwana 5. Ita ta fi inganci, fiye da kashi 99 cikin 100, kuma za ta ci gaba da ba da kariya har shekara 10 idan kina so. Mai jego na iya sa ta daga mako 4 bayan haihuwa.

Tana zubar da ciki?

A'a. Aikinta shi ne jinkirta fitowar ƙwan mace har maniyyi ya mutu. Idan ciki ya riga ya shiga, ba ta zubar da shi, kuma ba ta cutar da ɗan da ke ciki. Ba ta hana haihuwa nan gaba. Mai shayarwa na iya shan levonorgestrel ta ci gaba da ba da nono.

Abin da za ki lura da shi

Kina iya jin tashin zuciya, jiri, ko ciwon kai na ɗan lokaci. Idan kika yi amai cikin awa 2 da sha, sai ki sake shan wata. Idan al'ada ta yi jinkiri fiye da kwana 7, ko ba ki ga jini ba bayan mako 3, ki zo a yi gwajin ciki. Ciwon mara mai tsanani kuwa ba a kwana da shi a gida.

Ki faɗa mana idan kina shan maganin tarin fuka, farfaɗiya, ko na ƙanjamau, domin wasunsu na rage mata ƙarfi.

Ƙwayar ba ta kare ki daga saduwar da za a yi bayan kin sha, ba ta kuma kariya daga cututtukan sanyi ko ƙanjamau. Wadda aka yi wa fyaɗe a kawo ta asibiti cikin awa 72, domin akwai maganin kariya daga ƙanjamau da ake farawa a wannan lokaci.

Kira ga magidanta

Wannan ƙwaya ta ranar larura ce. Allura, ashanar hannu, da ƙwayar kullum sun fi ta inganci. Ku zauna da iyalinku tun kafin haihuwa ku zaɓi hanyar da ta dace da ku, sannan ku zo tare mu tattauna. Sirrinku na nan a rufe.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana zuri'a.