An Ɗauke Wuta, Amma Wayar Ba Ta Mutu Ba

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela ko na mai walda ya san wannan magana: "Ɗaura kawai, ai babu wuta." Yaron shago ya taka benci, ya kama wayoyi biyu da hannu yana murɗawa, maigidansa na ƙasa yana miƙo masa salatif. Ba wanda ya kashe babban makunni. Dogaronsu kawai shi ne an ɗauke wuta tun safe, kuma sun saba ba a dawo da ita sai dare. Wannan sabon shi ya fi ba ni tsoro a wuraren sana'armu, domin wutar lantarki ba ta sallama kafin ta dawo.

Wutar da ke shigowa shagunanmu bolt 230 ce, amma abin da ke kisa shi ne adadin da ya ratsa jiki, wanda ake aunawa da miliyamfiya. Da ta kai 10 zuwa 20, sai tsokar hannu ta ƙanƙame, yatsu su damƙe wayar, mutum ya kasa saki. Abin da muke cewa "wuta ta riƙe shi" ke nan. Idan ta haura 30 kuma ta bi ta ƙirji, tana iya rikita bugun zuciya. Busasshiyar fata takan ɗan tare ta, amma fatar da ta jiƙe da gumi ko ruwa kusan hanya take ba ta. Shi ya sa na fi jin tausayin mai markaɗe da mai wankin mota, da yaron da ke buɗe firizar ƙanƙara ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Idan firiza ko injin yana "ɗan ja", alama ce wuta na zuba a jikin ƙarfen kuma wayar da ya kamata ta kai ta ƙasa ba ta aiki. Naɗa tsumma a mariƙi bai gyara komai ba.

Akwai ɗan makunni da ake kira RCD, wanda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar miliyamfiya 30 ta kauce hanya. Shi ke kare mutum. Fis kuwa wayoyi yake karewa daga yin zafi, kuma ko shi ɗin mun saba idan ya ƙone mu cusa kakkaurar wayar tagulla a gurbinsa. Daga nan, maimakon fis ya ƙone, sai wayar cikin silin ta ɗauki zafin, cikin shagon da ke maƙare da atamfa ko katifa.

Batun janareta ya fi muni, don wanda zai cutu ba ya ma cikin shagon. Wanda ya sa janaretansa a soket ba tare da makunnin sauya layi ba, wutarsa na iya komawa waje. Taransifoma kuma tana aiki ta kowane ɓangare: za ta ɗaga wannan wutar zuwa bolt 11,000 a kan layin da ma'aikaci ya hau gyarawa, yana ganin an kashe. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba wayarin da tantance masu yin sa, sai dai mai shago shi ke zaɓen wanda zai kira, kuma sau da yawa araha yake bi.

Idan wuta ta kama abokin aiki, kada a cafke shi da hannu, mutum biyu za ta haɗa. A fara kashe makunni. In ya yi nisa, a ture shi da busasshen katako. In ba ya numfashi, a shiga danna ƙirjinsa nan take. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da ƙunar cikin jiki.