Dangantakar Shinkafa da Dawa da Gero a Idon Kimiyya

Duk wanda ya bi hanyar Bagudo zuwa Tsamiya, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, zai ga shinkafa a fadamun Kogin Kwara, dawa da gero da masara kuwa a tudu. A ido ba su yi kama ba, amma a kimiyyance dukkansu ciyayi ne 'yan gida ɗaya.

A cikin kowace ƙwayar halitta ta tsiro akwai wasu zaruruwa da ake kira kuromosom. Mu ɗauke su tamkar carbi: duwatsun da ke jere a zaren su ne ƙwayoyin gado, masu ƙayyade tsawon kara da launin tsaba da lokacin nuna. Shinkafa tana da tagwayen kuromosom 12, dawa da masara 10, gero 7, alkama 21.

A shekarar 1995 Graham Moore da Mike Gale da abokan aikinsu a Cibiyar John Innes ta Ingila suka nuna cewa idan aka yanka carbin shinkafa gunduwa-gunduwa aka sake ƙullawa, sai a sami kusan tsarin na alkama ko masara ko dawa. Wato gunduwoyin sun sauya wuri, amma jerin duwatsun cikinsu bai sauya sosai ba. Bambancin girma kuwa yawanci maimaici ne da ya taru tsakanin ƙwayoyin gadon. A gero ne gunduwoyin suka fi cakuɗewa.

To, mene ne amfanin wannan ga manomi? An kammala karanta kundin gadon shinkafa a 2005, na dawa a 2009, na gero a 2017. Tun da na shinkafa ne ƙarami, sai ya zama taswira: abin da aka gano a cikinsa, an san inda za a neme shi a sauran. A 2012 an gano ƙwayar gadon da ke sa dawar daji zubar da tsabarta, aka kuma tarar da takwararta a gurbi guda a shinkafa da masara.

Saboda haka jar shinkafar gargajiya da ke jure ambaliya a fadamunmu ba abar yasarwa ba ce. Sirrin da ke cikinta na iya amfanar sauran hatsi. Malamai su sa ɗalibai su tara irin gida, su rubuta sunansa da halayensa, kafin ya ɓace.