Ɗigon filebo da jarkar zoɓo: ina barasar take?

Saƙon ya faɗo rukunin WhatsApp na danginmu bayan isha'i, daga wajen Gwaggo. Bidiyon wani Ba'amurke ne a garejin gidansa, yana ɗiga wani ruwa daga 'yar kwalba cikin giyar kabewa da ya haɗa da hannunsa. An rubuta a ƙasa: "Irin wannan kwalbar ce matanmu ke zuba wa zoɓo. A yaɗa don Allah." Gari na wayewa ƙanwata, wadda ke sana'ar zoɓo da kunun aya, ta kira ni muryarta na rawa: "Yaya, wai da gaske giya nake shayar da 'ya'yan mutane?"

Kafin a ɗaure ta da igiyar zato, ya kamata a san abin da mutumin nan yake yi.

Giyar kabewa tsohuwar al'ada ce a Amurka. Turawan da suka fara zama can sun tarar da kabewa jibge, sha'ir ɗin yin giya kuwa sai an wahala, sai suka yi da abin da ke hannu. Daga baya aka watsar da ita, har wani mai suna Bill Owens ya farfaɗo da ita a garin Hayward na jihar Kalifoniya a shekarun 1980. Tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar 1978 da ta halatta haɗa giya a gida, masu sha'awar abin suke dafa tasu duk kaka.

Sai dai kabewa ba ta da wani ƙamshin kirki. Duk macen da ta taɓa yin miyar taushe ta san kabewa kauri take bayarwa da ɗan zaƙi, daddawa da kayan yaji ne ke cika gida da ƙamshi. Idan yis ya cinye ɗan sukarin da ke cikinta, kusan ba abin da ya rage. Abin da Amurkawa ke kira ɗanɗanon kabewa, kirfa ce da citta da kanumfari da gyaɗar ƙamshi, wato kayan da suke sa wa fanken kabewarsu. Kamfanin Starbucks ya fara sayar da kofi mai sunan kabewa a 2003, amma sai a 2015 ya sa kabewar gaske a ciki. Shekara goma sha biyu mutane na shan kirfa suna yabon kabewa.

To me ya sa sai an gama haɗa giyar ake ɗiga ƙamshin? Saboda ƙamshi ɗan gudun hijira ne. Sinadaran da hanci ke ji, irin su eugenol na kanumfari, ba sa zama wuri ɗaya, zafi na taɓa su sai su bi iska. Shi ya sa man shanu sai an sauke tuwo ake zuba shi, na'a-na'a kuma ba a barinta ta yi ta tafasa a shayi. Turaren wuta ma da kike jin ƙamshinsa a ɗaki, asararsa kike shaƙa, don wanda ya kai hancinki ya riga ya bar kasko. A tukunyar mai giya asarar biyu ce: tafasa ta kwashe wani, sannan iskar da yis ke fitarwa kwana da kwanaki ta yi awon gaba da saura. Don haka yake jira komai ya lafa, ya ɗiba kaɗan a kofi, ya gwada ɗigo ɗaya, biyu, har ya ji ya yi, sannan ya lissafa na tulun duka.

Wato kafin ya buɗe kwalbar nan giyarsa ta riga ta zama giya. Sukari da yis da lokaci ne suka yi ta. Ɗora wa filebo laifin daidai yake da a ga mashayi yana sa gishiri a farfesu a ce gishiri ya haramta.

Amma ba zan yi wa Gwaggo rashin adalci ba, akwai ƙamshin gaskiya a tsoronta. Wasu kwalaben suna ɗauke da sinadarin ethanol, wanda shi ne mai sa maye a giya. Dalili kuwa, yawancin sinadaran ƙamshi dangin mai ne, ba sa shiri da ruwa. Zuba manja a kwanon ruwa ki ga yadda yake taruwa a sama. Ana buƙatar ɗan aike da zai riƙo hannun mai ya shigar da shi ruwa, ethanol kuwa gwani ne a wannan aiki. A dokar Amurka, kafin a kira abu tsantsar jiƙon banila sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na ethanol. Wasu kamfanonin kuma da propylene glycol suke amfani, wanda ba barasa ce ta sha ba. Takardar jikin kwalba ce ke raba gardama.

Mu ɗauki mafi tsanani. Ƙaramin cokalin shayi mililita 5 yake ci. Idan kashi 35 nasa ethanol ne, an sami mililita 1.75 ke nan. A zuba shi a zoɓo lita 10, abin da zai fito bai kai kashi 0.02 cikin ɗari ba. Ayabar da ta nuna luguf da burodin da yis ya kumbura suna ɗauke da ɓurɓushin wannan sinadari ba tare da kowa ya zuba ba. Hukuncin shari'a na malamai ne, kuma sun saɓa. Kwamitin fatawa na ƙasar Malesiya ya yanke a 2011 cewa irin wannan filebo ya halatta idan ba daga masana'antar giya aka samo ethanol ɗin ba, kuma bai wuce kashi 0.5 a abin da za a sha ba. Wasu malaman sun zaɓi a nisance shi baki ɗaya. Mai bin wannan ra'ayi yana da mafita mai sauƙi: ɓawon abarba da citta da kanumfari, yadda iyayenmu suka yi zoɓo tun kafin kwalba ta zo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda muka kau da kai. Zoɓon da aka cika wa sukari, aka ɗura a tsofaffin robobi, aka bari a rana tun hantsi har la'asar sakaliya ba ƙanƙara, ya haɗa duk abin da Ba'amurken nan ya nema da gangan. Yis na yawo a iska da jikin 'ya'yan itace, ba sai an gayyace shi ba. Robar da ta yi tauri kamar ƙwallo, ka murɗa marfin ta yi "fusss", ka kurɓa ka ji tana cizon harshe, ta fara tsima ke nan. Masu burkutu ba su san filebo ba, dawa da ruwa da 'yan kwanaki sun ishe su. Kunun aya ya fi zoɓo saurin juyawa, kuma a nan ba barasa ce ma babbar damuwa ba, ƙwayoyin cutar da ke hayayyafa tare da yis ne ke kai yaro asibiti da gudawa. Amma ban taɓa ganin an turo bidiyon jarka a rana an ce a yaɗa ba.

A kasuwa kuma ana juye filebo daga manyan galan zuwa 'yan kwalabe tsirara, ba suna, ba jerin sinadarai, ba lambar rajista, ba ranar lalacewa. Masu alhakin duba irin wannan sun fi bayyana idan kyamara na wurin.

Da yamma na leƙa gidan ƙanwar tawa, muka jera kwalabenta uku a tabarma. Biyu sun rubuta propylene glycol ɓaro-ɓaro. Ta ukun ba ko harafi a jikinta, ta ce mai shagon ya rantse mata "na waje ne". Ta tuttular da ita a makwarara. Sannan na taɓa kular da take fita da ita, na ji ta ɗumi, ƙanƙarar ta narke tun azahar, ga robobi bakwai na kunun aya da take shirin mayarwa gobe.