Takardar asiransi: mi take biya?

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa shiga mota daga Maraɗi zuwa Damagaram, ka ga yadda ake yi wurin jandarmomi. Direba ya sauko, ya miƙa parmi da katagiris da takardar asiransi. An duba, an maido masa, an wuce. Shi ya sa mutane da yawa suna tsammanin asiransi takarda ce ta nuna wa jandarma kawai. Ba haka ba ne. Alkawari ne da ka saya da kuɗinka, kuma ya kamata ka san abin da ka saya.

Ka san adashe. Kowa ya zuba, kowa ya kwasa in juyinsa ya zo. Asiransi ta yi kama da shi wajen zubi, amma ta bambanta wajen kwasa. A ce masu shago 1000 ne, kowa ya zuba jika 10 a shekara. An tara miliyan 10 ke nan. Cikin shekarar wuta ta ci shago 4. To, waɗannan 4 ɗin su kaɗai za a biya. Kai da wuta ba ta taɓa ba, ba a maido maka zubinka. Kada ka ce an cuce ka. Shekara guda ka kwana da sanin cewa in abin ya faɗo kanka, akwai mai tallaba maka. Manya da sunka ga gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 sun san yadda dukiyar shekaru take zama toka, kafin a sake gina kasuwar a buɗe ta cikin 1987.

Kuɗin zubin nan, mutanen biro suna ce masa firim. Takardar yarjejeniya kuwa sunanta polis. Kada ka razana, ba polis mai kaki ba ne, sunan ne ya zo ɗaya. Cikinta ne anka rubuta abin da anka ɗaukar maka da abin da ba a ɗauka ba. Ɓarnar da ta auku, gobara ko sata ko haɗari, ita ce sinistir. Kuɗin da za a ba ka kuma diyya ne.

Dokar da ake bi ba ta Nijar kaɗai ba ce. Cikin 1992 ƙasashen Afirka masu kuɗin sefa sunka ƙulla yarjejeniya a Yawunde, ta Kamaru, wadda ake kira CIMA, kuma dokar ta fara aiki cikin 1995. Tun 2011 anka ƙara tsananta wani abu guda: in ba ka biya zubi ba, alkawari bai hau kan kamfani ba. Babu zancen "rubuta mini, na kawo ran kasuwa."

Mu koma kan mota, don nan ne ruɗani ya fi yawa. Asiransin da doka ta tilasta wa duk mai mota ko babur, ba kai take biya ba. Wanda ka yi wa ɓarna take biya. Ka kaɗe mai keke, ko ka rushe katangar wani, ko ka kashe saniyar makiyayi, kamfani zai biya su a madadinka. Motarka da ta lotse fa? Wannan naka ne. Raunin da kai direba ka ji ma ba ya ciki. Na sha jin mutum yana faɗa a tasha, wai ya yi shekara 5 yana biya, ga shi motarsa ta faɗi ba a ba shi ko dala ba. Ba ƙarya yake ba, sai dai bai san abin da ya saya ba. In kana so a gyara taka motar, ko a biya ka in an sace ta, sai ka sayi ƙarin alkawari, kuma zubinsa ya fi tsada. Amma kada ka rena ta tilas ɗin. Ka tuna kuɗin likita na mutum 3 da sunka karye, a ce daga aljihunka za su fito.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunne. Diyya ba riba ba ce. Aikinta ta maida kai inda kake kafin ɓarna, ba ta wuce nan. In kayan shagonka na miliyan 2 ne, ka ce na miliyan 5 ne, ba za a ba ka fiye da abin da ya ƙone ba. Kamfani yana da masanin da yake aikowa ya ƙiyasta ɓarna, zai kuma nemi rasit da littafin ciniki. Ga amfanin karatun da kake koyo, ka riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

Wasu kuma wayonsu ta ɗaya gefen yake. Kaya na miliyan 2 ne, sai su ce na miliyan 1 ne, don zubi ya yi sauƙi. To, bari mu yi lissafi tare. Rabin dukiyarka ka faɗa, saboda haka rabin ɓarna za a biya. Wuta ta ci kayan jika 600, diyyarka jika 300 ce. Ragowar kai ka ɗauke wa kanka tun ranar da ka rage lissafi. Bayan haka akwai abin da ake kira faranshiz, wato ɗan kason da kai za ka ɗauka cikin kowace ɓarna. In an rubuta jika 50, sai a cire, ka tashi da jika 250. Ana yin haka don kada mutum ya yi sakaci da kayansa, ya ce ai akwai mai biya. Ni a ganina, lambar nan ta faranshiz ita ce ta farko da ya kamata ka nema a takarda kafin ka sa hannu.

Ƙarya da gangan ta fi haka muni. In an tambaye ka ko kana ajiye fetur cikin shago ka ce a'a, alhali jarkoki suna nan bayan buhuna, yarjejeniya ta rushe. Ba diyya, zubin da ka yi ma ya zama na kamfani. Wanda ya cinna wa kayansa wuta da hannunsa kuwa, ba a ma maganarsa.

In abu ya faru, kada ka zauna karɓar jaje har sati 2. Doka ta ce wa'adin sanar da kamfani ba ya kasa kwana 5 na aiki, amma in sata ce, awa 48 ne. Duba polis ɗinka ka ga abin da anka rubuta. In haɗarin mota ne, a kira jandarma ko polis su yi konsta, wato su auna wurin su rubuta yadda abin ya auku. Ka kai sanarwarka biro a rubuce, a buga maka hatimi bisa kwafi, ka riƙe naka. Takardun nan kada ka bar su cikin shagon da ka yi wa asiransi. Ka ajiye su gida, cikin akwatin ƙarfe, tare da rasit na zubin bana.