Itacen Tukunya Da Ya Zubar Da Ganye A Illela

Wani malamin makaranta a Illela ya kawo mana kukansa. Ya ce a ƙarshen damina ya je Sakkwato, ya sayo wani ɗan itace mai ganye sumul-sumul a wurin masu sayar da shuke-shuke a bakin hanya, ya ajiye shi a ofis kusa da taga. Da hunturu ya kama, sai ganye ya yi ta zuba kowace safiya, har rassa suka zama tsirara. Ya ƙara masa ruwa, abin ya ƙara lalacewa. To, da yake ba shi kaɗai ne wannan abu yake samu ba, mun ga ya kamata mu yi bayani a fili domin amfanin malamai da ma'aikatan ofis duka.

Da fari dai, itacen nan ba baƙo ba ne ƙwarai kamar yadda ake zato. Masana ilmin tsirrai suna kiransa Ficus benjamina, asalinsa kuwa daga Indiya da ƙasashen gabashinta ne har zuwa arewacin Ostareliya. Amma danginsa suna nan cike da ƙasar Hausa, watau cediya da durumi da gamji da ɓaure. Duk kakansu ɗaya, kuma an ƙidaya irinsu sun fi 800 a duniya. Kowa ya san darajarsu wurinmu. A Kano akwai Durumin Iya da Cediyar 'Yan Gurasa, a jihar Katsina akwai garin Ɓaure, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello kuwa da Gamji ake yi masa kirari. Alamar dangin nan ita ce in ka karya ganye ko reshe sai farin ruwa mai danƙo ya fito kamar madara. A kiyaye shi daga ido, gama yana da zafi, wasu kuma yana sa musu ƙaiƙayi.

Halin wannan itace shi ne ba ya son canji. In an ɗauke shi daga inda ya saba, ko haske ya ragu, ko iska ta sake, sai ya zubar da tsohon ganye domin ya fitar da wanda ya dace da sabon mazauninsa. Ku duba abin da ya sami na malamin nan. An raine shi a inuwa mai laima, ana yi masa yayyafi kullum. Sa'an nan aka ɗora shi a mota, ya sha iskar hanya ta Gwadabawa har bakin iyaka, aka kai shi ɗaki, ba a jima ba iskar hunturu ta taso daga arewa da ƙura da bushewa. Ai ko mutum ne sai ya yi mura.

Saboda haka kafin a yi kome, a fara duba ko yana da rai. A kankare ɓawon reshe kaɗan da farce. In an ga kore a ciki da ɗanshi, to, yana nan da ransa ko da babu ganye ko ɗaya a jikinsa. In an ga busasshe, a sauko ƙasa-ƙasa ana gwadawa har a sami inda yake kore, a yanke abin da ya mutu da wuƙa mai kaifi.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi kashe itatuwan tukunya. Mutumin ƙasarmu ya saba ganin shuka tana mutuwa da ƙishi, don haka da ya ga ganye ya yi rawaya sai ya ɗauko buta. Nan ne kuskuren yake. Saiwa tana bukatar iska kamar yadda take bukatar ruwa. In ƙasar tukunya ta jiƙe sharkaf kwana da kwanaki, saiwar sai ta ruɓe, ta kasa shan ruwan da take kwance a cikinsa, ganye ya yi yaushi kamar na mai ƙishi, mai shi kuma ya ƙara zubawa. Balle a ofis, inda masinja zai zuba da safe, akawu ya juye sauran shayinsa, mai gadi ya ƙara da dare, kowa yana ganin taimako yake yi. Lalle a ɗora wa mutum ɗaya wannan aiki. Shi kuwa ya riƙa cusa yatsa cikin ƙasar misalin inci ɗaya ko biyu. In ya ji danshi ya bari, in ya ji bushewa ya zuba sosai har ruwa ya fito ta gindin tukunya, ya zubar da wanda ya taru a faranti. Tukunyar da ba ta da huji a gindi ba ta da amfani. Ta yumɓu irin tamu ta fi ta roba, domin tana numfashi, sai dai da bazara, daga Maris zuwa Mayu, takan bushe da sauri, sai a riƙa dubawa kowace rana.

In ƙasar tana wari, a zare itacen a duba. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙarfi. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana lugwigwicewa a hannu. A yanke ruɓaɓɓun, a sake ƙasa da aka gauraya da rairayi da tsohon taki wanda ya riga ya huce. In ba haka ba, kada a taɓa tukunyar. Kada kuma a ba shi takin zamani yana cikin wannan hali, sai ya fara toho tukuna. Wani lokaci za a ga fari-fari kamar kanwa a bakin tukunya, wannan gishirin ruwan rijiya ne ya taru. Maganinsa a kwarara ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ƙasar, na sama ya fi in an samu.

Wurin ajiya kuwa, a nemi inda haske yake da yawa amma ranar tsaka ba ta dukansa, kamar tagar gabas. A nisanta shi da ƙofar da iska ke kaɗowa da bakin na'urar sanyaya ɗaki. In an sami wurin, a bar shi nan. Da hunturu a riƙa goge ƙurar ganye da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma leƙa bayan ganyen, gama bushewar iska tana kawo wasu ƙananan ƙwari jajaye masu saƙa kamar ta gizo-gizo, da wasu masu mannewa a reshe kamar ƙuraje. Ruwan sabulu kaɗan, ko ruwan da aka jiƙa dakakkun 'ya'yan dogon yaro, yana rage su in an maimaita mako-mako. Daga nan sai haƙuri, domin sabon toho yakan ɗauki wata ɗaya ko biyu.

Amma mu a ganinmu, malamin da yake Illela, inda ruwan sama bai wuce na wata huɗu ba, inda dattawa ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, bai kamata ƙoƙarinsa ya tsaya a tukunya ba. Sakkwato tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin nan na shingen itatuwa ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, filayen makarantu da yawa kuwa fayau suke. Cediya da durumi ba su bukatar iri. Reshe mai kaurin damtse, tsawonsa ya kai na mutum, ake sarowa da farkon damina, a kafa shi a rami mai zurfin kamu ɗaya, a danne ƙasa sosai. A kewaye shi da ƙaya, domin awaki suna son ganyen ƙwarai, a raba wa yara kwanakin ban ruwa a ranin farko. Sai dai a dasa shi nesa da gini da rijiya da masai, kamar taki ashirin, gama saiwarsa tana tafiya neman ruwa, kuma tana iya tsaga bango.